Yadda ake canja robobin da ke riƙe rak ɗin sitiyari a tsofaffin motocin gudu irin su Triumph Spitfire

Motar da zan yi misali da ita Triumph Spitfire 1500 ce ƙirar 1976, ta kawuna ce Allah ya ji ƙansa, shi ma a hannun wani Bature ya saye ta lokacin da zai bar Jos, ta yi shekaru a ƙarƙashin rumfa a Bukuru kaji na ƙwai a kan kujerarta kafin na jawo ta. Injin bai wahalar da ni sosai ba, birki ma mun shawo kansa, amma ranar da na fara fita da ita titi sai na ji abun da ya tayar min da hankali, in na murza sitiyari sai motar ta yi kamar tana shawara tukuna kafin ta bi, in na miƙe hanya kuma sai ta dinga yawo hagu da dama ina ta gyara mata zama kamar mai tuƙa kwalekwale. Muka canja tayarod, wato sandunan da ke haɗa sitiyari da tayoyi, muka yi alaimen sau biyu, shiru. Sai wani dattijon bakanike a Farin Gada wanda ya yi aiki da irin motocin nan tun yana yaron shago ya ce in ɗaga bonet, ya sa yaronsa ya riƙa kaɗa sitiyari, ya nuna min da ɗan yatsa ya ce "yaro, ka ga rak ɗin naka ne gaba ɗaya ke tafiya, taya ba ta san ma ana yi ba." Na ce Baba to ai na ga robobin suna nan, ya ce suna nan kamar yadda haƙoran bakinsa suke nan.

To bari in yi bayani yadda wanda bai taɓa leƙawa ba zai gane. Rak ɗin sitiyari dogon bututun ƙarfe ne da ke kwance a gaban mota tsakanin tayoyin gaba, a cikinsa akwai sanda mai haƙora, ƙaramin giya da ake ce wa finiyon shi ke tura ta hagu ko dama in ka juya sitiyari. Sandar ciki ita ya kamata ta yi tafiya, bututun waje kuma ya tsaya cak a jikin shasi. A Spitfire da 'yan uwanta GT6 da TR6, abun da ke riƙe bututun nan yu-bol ne guda biyu, wato bol mai lanƙwasa kamar harafin U, kowanne da 'yar hular ƙarfe da roba a cikinta. In robar ta mutu, duk murzawar da ka yi sai bututun ya fara zamewa gefe tukuna, sauran ƙarfin ne ke isa taya. Kuma abun da ya fi kashe robar ba tsufa kaɗai ba ne, baƙin mai ne, don rak ɗin a ƙarƙashin gaban injin yake, duk ɗigon da ya zubo a kansa yake sauka, roba kuwa in ta sha baƙin mai sai ta kumbura ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana. Tawa da na ciro, da yatsa nake lotsa ta.

In motarka tsohuwar Marsandi ce irin V-boot ko 190, wannan bayanin ba naka ba ne, su akwatin sitiyari gare su ba rak ba. MGB kuma tana da rak amma ba roba, kai tsaye aka ɗaure shi da ƙarfe da 'yan siraran woshoshi na daidaitawa. Masu Datsun 240Z da 280Z su biyo ni, akwai nasu a ƙasa.

Fara da tabbatarwa, kar ka kashe kuɗi a banza

Ka ajiye motar a wuri mai lebur, tayoyi a ƙasa, kar ka ɗaga ta, don nauyin motar ne ke sa wasan ya fito. Daɗin Spitfire shi ne bonet ɗinta duk gaban motar ne, in ka ɗaga shi ya kifa gaba har kan taya za ka zauna ka yi aikinka. Samu alli ko farin fenti ka ja layi ɗaya daga jikin bututun zuwa kan hular yu-bol. Sai wani ya shiga ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama da ɗan ƙarfi, ba juyawa gaba ɗaya ba, kaɗawa kawai. Kai kuma idonka a kan layin. In layin na rabuwa yana haɗuwa, ka kama ɓarawonka. Ɗan motsi ƙanƙani na roba mai lafiya daban ne, za ka ga tana matsewa tana dawowa, amma in bututun na sulɓewa ta cikinta to ta gama aiki.

Tunda ka riga ka durƙusa, duba sauran ma a lokacin, ɗora hannu a kan tayarod ka ji ko yana ƙwas-ƙwas, ka dubi mahaɗin da ke tsakanin sandar sitiyari da finiyon, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Sau da yawa laifin ba na mutum ɗaya ba ne.

Wanne za ka saka

Nan ne ake gardama, kuma nan zan ɗan daɗe. Abu uku ne a gabanka. Akwai roba irin ta asali, akwai wadda ake ce wa foli wato foliyuretan, wata irin roba ce mai tauri da yawanci ke zuwa da launi, ja ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, sannan akwai na alminiyon zalla wanda babu roba ko kaɗan, ƙarfe biyu ne ke rungume bututun.

Ta asali tana da daɗi a hannu, tana shanye girgiza, amma in injinka na ɗiga to ka sani kwananta ƙirgagge ne, kuma tsohon injin Ingila da ba ya ɗiga sai dai in babu mai a ciki. Na alminiyon shi ne wanda 'yan tsere ke so, kuma gaskiya ne sitiyari na zama tsaf, ka taɓa ta juya. Na gwada shi wata biyu. Abun da masu yabonsa ba sa lissafawa shi ne titin da suke bi daban ne da namu, duk ramin da taya ta faɗa sai ka ji shi a wuyan hannunka, ranar da na bi ta wani lungu a Gangare bayan ruwan sama sitiyarin ya fizge har babban yatsana ya yi kwana uku yana ciwo. Ba hannunka kaɗai ke shan dukan ba, dukan da roba ke shanyewa yanzu kan 'yan ƙarafan shasi yake sauka, ƙarafan da suke nan tun 1976, da kan haƙoran rak ɗin da ba a kasuwar kayan mota ta Dilimi za ka samu wani ba. Ni dai foli na tsaya a kai, baƙin mai ba ya cin ta kamar roba, tana riƙe bututun gam, kuma tana rage duka ko yaya ne. In motarka ta fita ranar Lahadi ce kawai a kan titunan Abuja masu santsi, to saka alminiyon ba laifi, amma mai zama Jos ya yi tunani.

Akwai na huɗu da ba na so ko a ambata amma dole in faɗa, wato yankan taya. Za a ce maka kawo tsohuwar a yanka maka irinta yanzu-yanzu, kuma wallahi masu yankan sun iya, a wani wurin ma kamar ratayar salansa ba na ƙi. Amma ba a nan ba. Ni an taɓa yi min kafin in san kan abun, wani ya yanka ya cusa, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, rak ya zauna a karkace, sati biyu ta koma gidan jiya. Araha ba ta ado. Kayan motocin nan har yau ana yin su a Ingila, dillalai irin su Rimmer Bros da Moss suna sayarwa ta intanet, kuma 'yan ƙanana ne, wanda zai dawo daga can zai iya saka maka su a aljihun jaka. In za ka yi oda haɗa da sababbin notuna masu roba a ciki, waɗanda ba sa kwancewa da kansu, guda huɗu, da ɗan farin toshin nailan da zan yi maganarsa, in yu-bol ɗin sun ci tsatsa su ma ka haɗa.

Kayan aiki

Jak, da sitan biyu na ƙarfe da ake ɗora mota a kai, ba bulo ba, bulo na fashewa ba sallama. Katako na tare tayoyin baya. WD-40 ko kananzir, burushin waya, tsumma, alli, giris ɗin silikon, kilam irin na kafintoci ko filaya mai kullewa guda biyu, da bakin dirili mai milimita 3. Sai sifana, kuma a nan ka kula, motar nan da inci aka ƙera ta ba da milimita ba. Notunan yu-bol sifana rabin inci suke ci, wato milimita 12.7. Lamba 13 za ta shiga, har za ka ce ai daidai ne, amma a kan noti mai tsatsa wannan ɗan sararin ya isa ya murje maka kusurwoyinsa ya zama kamar ƙwallo, daga nan sai kurfi da guduma. A wajen masu tsofaffin kayan aiki ana samun na inci, ka nema.

Aikin kansa

Tun daren jiya ka fesa wa notunan nan huɗu WD-40 ta ƙasa, ka bar su su sha. Wasu man birki suke zubawa, yana yi, amma in ya taɓa fenti sai ya ɗaye shi.

Da safe ka miƙar da tayoyin gaba sak, ka cire kan batir, ka tare tayoyin baya, ka ɗaga gaba ka ɗora kan sitan a ƙarƙashin shasi, ka girgiza motar da hannu ka tabbatar ta zauna kafin ka sa kanka a ƙasa. Cire tayoyin ba dole ba ne amma yana ƙara maka fili.

Kafin ka kwance komai yi alama. Ja layi daga bututun zuwa shasi a gefe biyun, ka ja wani daga finiyon zuwa mahaɗin sandar sitiyari, sannan ka ɗauki hoto da waya ta sama da ta ƙasa, hoto uku huɗu. Za ka ce ai zan tuna. Ba za ka tuna ba, musamman in aka kira sallah a tsakiyar aiki ka dawo ka tarar yara sun tattara maka woshoshi wuri ɗaya.

Sai ka sassauta bol ɗin da ke matse mahaɗin sanda a kan finiyon, sassautawa kawai ba cirewa ba, don rak ɗin ya samu damar ɗagawa kaɗan ba tare da ka lanƙwasa sandar ba.

Yanzu notunan. Biyu a kowane gefe, ta ƙasan shasi, kuma a ƙarƙashinsu akwai wani ɗan filet na ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, ka lura da inda bakin ke kallo kafin ya faɗo. A ɗaya daga cikin notunan za ka ga wata 'yar waya a maƙale wadda ɗaya bakinta ke jikin rak wajen finiyon. Kar ka tsinke ta, kar ka ce tarkace ce. Wayar at ce ta hon, tunda roba ta raba rak da shasi ta nan wuta ke komawa in ka danna. Ni na manta da ita a karon farko, na gama aiki ina murna na shigo Terminus keke-napep ya yanko min na danna hon shiru, na yi kwana biyu ina zargin fiyus.

Ja yu-bol ɗin sama. A nan za ka iya tarar da injin ya tsaye maka a kai, don botom filet, wato kaskon mai na ƙasan injin, da fulin gaba kusa suke da rak sosai. In ya ƙi fita kar ka yi masa dole, sassauta bol ɗin kujerun injin na gaba, ka sa jak da faffaɗan katako a ƙarƙashin botom filet ka ɗaga injin kamar kaurin yatsa ɗaya zuwa biyu, idonka a kan fanka kar ta taɓa lagireto, da kan hos ɗin ruwa kar su ja. Ba tare da katako ba kar ka kuskura, za ka lotsa shi.

Tsohuwar robar a tsage take ta gefe ɗaya, buɗe ta za ka yi ka zare daga bututun, in ta narke ta manne ka kankare da wuƙa. To a gefen da ba na finiyon ba, wato gefen fasinja, ka yi a hankali, a ƙarƙashin robar akwai ɗan rami a jikin bututun da wani ɗan farin toshi na nailan a ciki, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Aikinsa ya danne sandar ciki kar ta riƙa kaɗawa, kuma robar ce kaɗai ke riƙe shi. Yana faɗowa ƙasa ba ka ji ba, sai daga baya ka riƙa jin ƙar-ƙar-ƙar a kan titi mai tsakuwa ka rasa daga ina. Shimfiɗa farin buhu a ƙasa kafin ka zare robar. In ya cinye, ko ka tarar ma babu, saka sabo. Mai saka na alminiyon ya tabbatar ƙarfen ya rufe ramin nan, in bai rufe ba a ɗaure toshin da kilif ɗin hos.

Wanke wurin tas da kananzir da burushin waya har ƙarfe ya fito. Wannan wankin ba don kwalliya ba ne, so kake ka ga ko ƙarafan shasin da rak ke zama a kai sun tsage. Haska tocila ka bi gefen ramukan da bakin walda, tsagewa kan fito kamar siririn gashi baƙi ko layin jan tsatsa. In ka gani, aiki ya tsaya, sai mai walda ya zo, kuma ka cire rak ɗin daga wurin kafin a sa wuta don zafi zai ƙona but, wato robar da ke rufe bakin rak, da giris ɗin ciki. Ka shafa bututun ma da hannu, in tsohon yu-bol ya ci shi ya yi kwari ko ya lotse, sabuwar roba ba za ta gyara wannan ba.

Sai saka sababbi. In lokacin hunturu ne, sanyin Jos na sa foli ta yi tauri kamar ƙaho, jefa su a ruwan zafi minti kaɗan za su yi laushi su buɗe ba gardama. Shafa musu giris ɗin silikon kaɗan ta waje inda hula za ta hau, in da ɗan ƙunshin man da ya zo tare da su to shi ne daidai. In roba ta asali ka saya kar giris ɗin mota ko baƙin mai ya taɓa ta, ruwan sabulu ya isa. Zura kowacce a bututun yadda tsohuwar take a hotonka, ka kifa hular yu-bol a kai, ƙafafun su shiga ramukan shasi, filet ya koma ta ƙasa, wayar hon ta koma, ka ɗaura notuna da hannu kawai. Kar ka ɗaure tukuna.

Matsewa, inda yawanci ake faɗuwa

In ka ɗaure notunan a haka, ka yi aikin banza, ko da foli mafi tsada ka saka. Dubi bututun da kyau, ta wajen kowace roba akwai wani kunnen ƙarfe da aka yi wa walda a jikinsa. Waɗannan kunnuwa biyu su ne ke hana rak tafiya gefe, amma sai in robar ta matsu a jikinsu sosai. Wato dole a tura yu-bol na hagu zuwa hagu, na dama zuwa dama, kowanne ya danne robarsa a jikin kunnen da ke kusa da shi, a riƙe a haka, sannan a ɗaure. Kamfanin Triumph har wani ƙarfe na musamman suka yi don wannan turawar, kuma ƙa'idarsu da roba ta asali ita ce a matse har sararin da ke tsakanin bakin hula da kunnen ya rage kashi ɗaya cikin takwas na inci, milimita 3 da ɗan ɗoriya. Amfanin bakin dirilin da na ce ka tanada ke nan, ka zura gindinsa a tsakani, in ya shiga da ɗan ƙyar to ka iso.

Ba mu da ƙarfen kamfani, to ga yadda muke yi. Hanya mai sauƙi, ka kama hula da kunnen da kilam ko filaya mai kullewa ka matse su, gefe biyun lokaci guda, kana duba alamar allinka kar rak ya gudu gefe ɗaya. Hanyar Baba kuma, wadda ta fi, ya samu doguwar sanda mai zare daga kai har gindi da notuna biyu da 'yan guntayen bututu, ya sa ta tsakanin yu-bol biyun, yana warware notunan tana tura su waje daidai wa daida. Duk wanda ka yi, kar a zo da dogon ƙarfe a ce yaro ya danna da ƙarfinsa oga na ɗaurewa, yaro zai gaji ya saki kafin noti na biyu ya kama.

Foli ba ta matsuwa kamar roba, in ta ƙi kaiwa milimita 3 kar ka ce sai ta kai har ka lanƙwasa kunnen, abun da ake so ta zauna gam ba sarari tsakaninta da kunnen, in takarda ta zo da ita ka bi abun da ta ce. Kana riƙe da matsin sai ka tura filet ɗin ƙasa ciki har lanƙwasasshen bakinsa ya tokare shasi, shi ne zai hana yu-bol komawa baya, sannan ka ɗaure notuna, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su kai. Ƙananan notuna ne, ba a sa musu bututu a sifana, in kana da sifana mai awo ka bi adadin da littafin motar ya rubuta. Sai ka saki kilam.

Na alminiyon babu wannan matsewar, shi a rungumar yake riƙewa, amma nasa haɗarin shi ne ɗaurewa fiye da kima, kana iya matse bututun har sandar ciki ta riƙa cijewa. Kuma duk wanda ka saka, tsayin rak daga shasi kar ya canja, kar wani ya cusa wosha a ƙasa wai don ya kauce wa wani abu. In rak ya hau ko ya sauka, duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami sai ta juya da kanta ba ka taɓa sitiyari ba, kuma alaimen ba ya maganin wannan.

Bayan rak ya zauna, sannan ne za ka koma ka ɗaure bol ɗin mahaɗin sanda, ba kafin ba, don sandar ta bi rak ɗin ba rak ya bi sanda ba. Tabbatar alamar allin ta haɗu, kuma bol ɗin yana cikin kwarin da aka yanka a jikin finiyon. Wannan bol ɗin guda ɗaya shi ne tsakaninka da sitiyari mai juyawa a iska, ka sa masa sabon noti shi ma. In ka ɗaga injin, sauke shi ka ɗaure kujerunsa, sannan ka zura yatsa tsakanin botom filet da rak, dole a samu sarari. In suna gogar juna to kujerun injin ne suka kwanta, su ma sai an canja.

Gwaji

Motar na kan sitan, juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali da yatsa biyu, sau uku huɗu. Ya tafi sumul, in akwai inda yake cijewa to wani abu ya matsu ko ya karkace, sassauta ka sake. Ƙirga juyi daga tsakiya zuwa hagu da daga tsakiya zuwa dama, su zo ɗaya. Duba but ɗin roba na bakin rak biyun, in sun yage yanzu ne lokacin canja su, don ƙurar hunturu in ta shiga ta haɗu da giris ta zama sanfefa. Akwai toshi a saman gidan finiyon da ake cirewa a sa kan giris, bugu huɗu biyar ya isa, in ka cika sai ya kumbura but ya fasa. Tunda kana wurin, 'yan mahaɗan tagullar da ke ƙasan ƙafar gaba, su man giya lamba 90 ake ɗura musu ba giris ba, kanikawa da yawa ba su san wannan ba don 504 da suka saba da ita ba ta da su.

Sauke motar, mayar da batir, danna hon. Sake jan sabon layin alli a sa wani ya kaɗa sitiyari kamar farko, yanzu layin ya tsaya. Daga nan wajen alaimen kai tsaye, a hankali, don ko milimita biyu rak ya matsa sitiyari zai zauna a karkace, kuma duk alaimen ɗin da aka yi maka a baya a kan rak mai yawo aka yi shi. Ka ce musu su gyara ta tayarod biyun daidai, kar a cire kan sitiyari a mayar don a rufe ido.

Fitar farko ka nemi hanya marar cunkoso, ni ta wajen Lamingo na bi da sassafe, ka fara a hankali, ka taka birki ka ji ko tana ja gefe, ka bi kwana biyu uku. Ba ranar za ka nufi Hawan Kibo ba. In ka yi kamar sati kana hawa, ka koma ƙasa da sifanar rabin incin nan ka taɓa notuna huɗun da bol ɗin sanda, sabuwar roba kan zauna ta ba da ɗan sarari.

Masu Datsun, naku ya fi sauƙi ta wani wajen, motar Japan ce sifanun milimita za su yi muku, kuma babu wancan turawar, maɗauri biyu ne kowanne da bol biyu a kan ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin injin. Sai dai robar gefen finiyon da ta ɗaya gefen ba iri ɗaya ba ne, kuma na 240Z da na 280Z ba sa shiga wa juna, don haka ka faɗi shekarar motarka daidai lokacin oda, in da hali ka auna faɗin mazaunin robar ka tura. Akwai kuma wani faifan roba a jikin sandar sitiyarinku da shi ma kan mutu ya kawo irin wannan wasan, ka duba shi tare.

Sai maganar ɗigon mai. In ka bar shi yana zuba a wurin, foli za ta jure amma but ɗin rak da kujerun injin roba ne, su za su tafi. A tawa sil ɗin gaban injin ne, na bayan fuli, da gasket ɗin murfin sama, na canja su a satin da na yi wannan aikin, na yanka 'yar fallen gwangwani na kare saman rak ɗin kafin kayan su iso.